Wutar da Ba a Jin Motsinta: Tsara Sashen Wuta na Amfilifayar Faifai Mai Bawul

Duk wanda ya zauna ya haɗa amfilifayar faifan garmaho mai bawul da hannunsa, wato ƙaramar na'urar nan da ke shiga tsakanin allurar faifai da babbar amfilifaya, yakan ƙarar da tunaninsa a kan irin bawul ɗin da zai saya, wato kwalbar gilashin nan mai ƙara ƙarfin sigina, da kafasitocin da sauti zai ratsa, wato kayan da ke tara wuta su sake ta, sashen da zai ba na'urar wuta kuwa sai a bar shi zuwa ƙarshe, a cusa shi a duk kusurwar akwatin da ta rage. Dalilin wannan sakaci a fili yake, domin na'urar ba ta da ci. Bawul uku nau'in 12AX7, waɗanda a Turai ake kira ECC83, abin da suke ja daga layin babbar wuta da wuya ya wuce miliamfiya 10, kuma wannan a kan volt 300 bai fi wat 3 ba. Sai dai yawan wutar ba shi ne abin dubawa a nan ba. Abin dubawa shi ne tsabtarta, kuma ma'aunin tsabtar da ake bukata ya yi ƙanƙantar da mitar hannu ta yau da kullum ba ta iya ganinsa.

Kan allura irin wanda maganaɗisunsa ke motsi yana fitar da kimanin milivolt 5 ne a sautin da ke kaɗawa sau 1,000 a daƙiƙa, wato haz 1,000, shi kuwa irin wanda naɗin wayarsa ke motsi sau da yawa ko rabin milivolt ba ya kaiwa. Aikin amfilifayar faifai shi ne ta ninka wannan ɗan sigina kamar sau 100, wato desibel 40, kafin ta miƙa shi gaba. Da ninkin ya tsaya a nan da lamarin ya zo da sauƙi, amma akwai ƙa'idar da ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta tsayar a 1954. Lokacin yanka faifai ana rage ƙarfin amo mai kauri don kada layin da allura ke bi ya yi faɗi ya cinye fili, ana kuma ƙara ƙarfin siririn amo don ya rinjayi ƙarar gogayyar allura da faifai. Wajen saurare dole amfilifaya ta juya wannan, kuma maganar tana karyawa a wurare uku, haz 50 da haz 500 da haz 2,122. Sakamakon shi ne a haz 100 na'urar tana ninka sigina kusan sau huɗu da rabi fiye da yadda take yi a haz 1,000, a haz 50 kuwa kusan sau bakwai. To, wutar gida tana kaɗawa ne a haz 50 a Turai da Afirka da yawancin Asiya, a haz 60 a Amurka ta Arewa. Ke nan ƙugin wutar gida ya faɗo daidai inda kunnen na'urar ya fi buɗewa, inda take ninka duk abin da ya shigo mata kimanin sau 700.

Ya kamata tsarin ya fara daga lissafi, ba daga zaɓen kaya ba. Bawul mai sassa uku, katod da girid da anod, idan aka haɗa shi a tsarin da aka saba, da rezista, wato abin da ke turje wa kwararar wuta, a kan anod, ba ya iya kare kansa daga dattin layin wuta. Rezistar anod da turjiyar cikin bawul suna raba duk rawar da ke kan layin a tsakaninsu. Turjiyar cikin 12AX7 tana wajen kilo-om 62, idan kuma rezistar anod ta kilo-om 100 ce, kusan kashi 38 cikin ɗari na rawar layin zai bayyana a kan anod, ya cakuɗu da waƙar, daga nan babu abin da zai sake raba su. Idan matakin farko ya ninka milivolt 5 sau 60, sigina a kan anod ya zama milivolt 300. Wanda yake son ƙugi ya kasance desibel 80 ƙasa da wannan, wato kashi ɗaya cikin dubu goma, yana da damar mikrovolt 30 kacal. A raba wannan da huɗu da rabi saboda gatan da ƙa'idar RIAA ta ba haz 100, sannan a yi la'akari da kashi 38 ɗin nan, sai a ga cewa rawar da aka yarda ta rage a kan layin da ke ciyar da matakin farko ba ta wuce mikrovolt 17 ba. Wannan a kan layin da ke ɗauke da volt 250 ko fiye.

Yanzu a dubi inda ake tasowa. Bayan taransifoma ta ɗaga wutar gida, dayod sun miƙar da ita daga AC mai kaɗawa zuwa DC mai tafiya ta fuska ɗaya, kafasita ta farko tana cika tana raguwa sau 100 a daƙiƙa a inda wutar gida take haz 50. Girman wannan hawa da sauka shi ne abin da ake ja, a raba da yawan cikar a daƙiƙa, a sake rabawa da girman kafasitar. Miliamfiya 10 a kan mikrofarad 47 yana ba da ɗan fiye da volt 2 daga ƙoli zuwa ƙasa, wanda a matsakaicin ƙarfi ya kama wajen volt 0.6. Daga volt 0.6 zuwa mikrovolt 17 akwai tazarar kimanin sau 35,000, kusan desibel 90. Wannan adadi shi ne ainihin aikin da ke gaban mai tsarawa, kuma duk wata muhawara kan kaya ya kamata a auna ta da shi.

Muhawarar da ta fi zafi a tsakanin masu wannan sana'a ita ce ta abin da za a miƙar da wutar da shi, bawul ko dayod na silikon. Bawul irin EZ81 yana da kyawawan halaye guda biyu: yana ɗaukar lokaci kafin ya ɗumama, saboda haka babbar wuta tana hawa a hankali, kuma ba ya yin tartsatsin kashewa irin na dayod. Amma yana da tsada ta wata fuskar, domin hitarsa, wato wayar da ke ɗumama shi, ita kaɗai tana cin amfiya 1 a volt 6.3, wato fiye da wat 6, ninki biyu na duk abin da na'urar ke bukata daga babbar wuta, kuma takardar bayaninsa ta taƙaita kafasitar farko ga mikrofarad 50. Dayod irin 1N4007, mai jure volt 1,000 da amfiya 1, ba ya cin komai, sai dai duk lokacin da ya daina wucewa da wuta yakan yi wata 'yar fizga da ke sa naɗin taransifoma ya yi amsa-kuwwa a kaɗawa mai sauri ƙwarai, kuma wannan kan bi iska da wayoyi ya kai ga matakin farko. Maganin ba shi da wahala: a yi amfani da mai saurin farfaɗowa irin UF4007, a kuma ɗora 'yar rezista da kafasita a jere a kan naɗin taransifomar don su shanye amsa-kuwwar. A ganina, iƙirarin da ake yi cewa bawul mai miƙar da wuta yana ƙara wa amfilifayar faifai daɗin sauti ba shi da tushe mai ƙarfi. A babbar amfilifaya, inda cin wuta ke hawa da sauka tare da waƙa, turjiyar wannan bawul tana iya shafar sauti, amma matakan amfilifayar faifai suna jan wuta kusan daidai wa daida ko da waƙa ko babu, kuma tsakanin mai miƙar da wutar da matakin farko akwai tacewar desibel 90. Abin da ya cancanci a kula da shi game da silikon shi ne lokacin kunnawa. Kafin bawul su ɗumama babu mai jan wuta, don haka naɗin volt 250 zai kai kafasitoci zuwa volt 354, idan kuma wutar gida ta hau da kashi 10 cikin ɗari ya kusa 390, shi ya sa kafasitar volt 450 ta fi ta 350 kwanciyar hankali. Haka nan, inda aka haɗa girid ɗin matakin ƙarshe kai tsaye da anod ɗin na gabansa, girid zai tashi zuwa cikakken ƙarfin layi alhali katod yana sifili, kuma ɗan dayod ko ƙwan niyon tsakanin su biyun yana hana tartsatsi a cikin bawul.

Tacewar kanta tana da wata dabara da lissafi ke nunawa sarai. Kafasitar mikrofarad 47 tana turje wa rawar haz 100 da kimanin om 34 ne kawai. Idan aka sa rezistar kilo-om 4.7 a gabanta, rawar za ta ragu kusan sau 140, a kuma yi asarar volt 47 a miliamfiya 10. Amma idan aka raba rezistar gida biyu, kowace kilo-om 2.2, aka ba kowace kafasitarta, kowane mataki zai rage rawar kusan sau 65, su biyun a haɗe fiye da sau 4,000, da asarar volt 44 kacal. Mataki na uku irin wannan yana kai ragin ga fiye da sau 200,000, ya wuce abin da ake nema, da asarar volt 66 gaba ɗaya. Ashe ƙananan matakai da yawa sun fi ƙatuwar kafasita guda ɗaya nesa ba kusa ba, kuma wanda ya san haka zai zaɓi taransifoma mai ɗan rarar ƙarfi tun farko don ya sami abin da zai zubar a kan rezistocin. Akwai manhajar kwamfuta mai suna PSU Designer II ta Duncan Munro da ke kwaikwayon irin wannan jeri, ta nuna hawa da saukar wutar kafin a narka dalma ko ɗigo ɗaya.

Cok, wato naɗin waya a kan ƙarfe, yana yin aikin rezistar ba tare da zubar da wuta sosai ba. Na henri 10 yana turje wa haz 100 da fiye da om 6,000, alhali ga wutar DC 'yan ɗaruruwan om ne, saboda haka shi da mikrofarad 47 suna rage rawa kusan sau 185. Sai dai yana zuwa da nasa kayan. Yana da filin maganaɗisu, yana fitarwa yana kuma ɗauka, sannan shi da kafasitar suna da wata kaɗawa tasu ta kansu wadda a wannan misali take faɗawa wajen haz 7, dab da inda hannun allura ke yin tasa, wato tsakanin haz 8 zuwa 12, da kuma inda lanƙwasar faifai ke aika manyan sigina da kunne ba ya ji. Ga na'urar da ke cin miliamfiya 10, inda zubar da volt 60 bai kai wat 1 ba, ban ga abin da cok ke sayo wa mutum wanda rezista ba za ta ba shi a sauƙaƙe ba.

Akwai wani dalili na biyu na raba matakan tacewa. Idan matakai uku na ƙara sauti suna shan wuta daga wuri guda, canjin abin da na ƙarshe ke ja yana girgiza layin, girgizar ta koma ta rezistar anod ɗin na farko, a ninka ta, ta dawo da ƙarfi. A kaɗawa ta ƙasa-ƙasa, inda kafasitoci suka daina tasiri, wannan zagaye kan rikiɗe ya zama wata ƙara mai fat-fat-fat kamar injin kwalekwale, a ga lasifika tana shiga tana fita. Shi ya sa ake jera abin ta yadda matakin ƙarshe zai sha daga farkon jerin tacewa, na farko kuma daga ƙarshensa, kowanne da rezistarsa da kafasitarsa, kuma kafasitar tana zaune kusa da bawul ɗin da take yi wa aiki.

Abin da rezista da kafasita ba sa iyawa shi ne tare tangaɗin wutar gida mai tafiyar hawainiya. Matakin kilo-om 2.2 da mikrofarad 47 yana fara aiki ne daga wajen haz ɗaya da rabi zuwa sama, abin da ya fi haka jinkiri kuwa wucewa yake yi. Duk lokacin da injin firji ya tashi ko wani babban kaya ya kama wuta, layin yana ɗan durƙusawa ya miƙe, na'urar kuma ta ninka wannan da dukan gatan da take ba amo mai kauri. Ba a jinsa a matsayin ƙara, amma ana ganin babbar lasifika tana numfashi ba tare da waƙa ba. A nan ne madaidaicin wuta, wato da'irar da ke riƙe ƙarfin wuta a tsaye, yake da hujjar zama. Tsohuwar hanya ita ce bawul mai iskar gas irin 0A2 mai riƙe volt 150 ko 0B2 mai riƙe kimanin 108, waɗanda ke haske gwanin sha'awa amma suna da nasu huci, kuma idan aka ɗora musu kafasitar da ta wuce mikrofarad 0.1 sai su fara kunna kansu suna kashewa. Wata hanya da ta yaɗu daga baya ta samo asali ne daga wata takardar fasaha da Michael Maida ya rubuta wa kamfanin National Semiconductor a 1980, inda ya nuna yadda za a yi amfani da LM317, wani ƙaramin madaidaicin wuta wanda ba ya jure tazarar da ta wuce volt 40 tsakanin shigarsa da fitarsa, a daidaita ɗaruruwan volt ta hanyar sa wani taransisto mai jure babbar wuta ya tsaya a gabansa ya ɗauke nauyin. Irin wannan yana aiki da kyau, amma kuskure ɗaya da bakin wayar mita kan kashe shi nan take, kuma a bayansa ma yana da kyau a bar mataki ɗaya na rezista da kafasita ya share hucin da shi kansa yake haifarwa. Wasu kuma suna bi ta wata hanyar, su maye gurbin rezistar anod da da'irar da ke riƙe kwararar wuta a tsaye, wadda ke hana rawar layi isa anod tun asali.

Duk wannan bayani na babbar wuta ne, amma a gwajin da na yi ta yi, ƙugin da ke saura bayan an gama haɗawa da wuya ya fito daga can. Hita ce ta farko a jerin waɗanda ake zargi. Kowane 12AX7 yana bukatar miliamfiya 300 a volt 6.3 idan aka haɗe ƙafa ta 4 da ta 5 aka ba da wuta tsakaninsu da ta 9, ko miliamfiya 150 a volt 12.6 tsakanin ta 4 da ta 5. Idan wutar AC ce, to ana da volt 6.3 mai kaɗawa a haz 50 yana wucewa 'yan milimita daga ƙafafun girid, ta 2 da ta 7, inda sigina bai wuce milivolt 5 ba, tazarar fiye da sau dubu. Murɗa wayoyin biyu tamkar igiya, da kwantar da su a jikin akwati nesa da girid, da daidaita tsakiyarsu da rezista biyu na om 100 zuwa layin ƙasa, wato layin sifili, duk suna taimakawa, kuma ga matakan da sigina ya riga ya girma sun wadatar. Ga matakin farko na faifai kuwa, tun a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960 na'urori irin Marantz 7 da Dynaco PAS suka koma ciyar da hita da wutar DC.

A nan ne mutane da yawa ke gudun gara su faɗa gidan zago. Taransifomar bawul takan zo da naɗin volt 6.3, sai mai haɗawa ya ga ai abu ne mai sauƙi ya miƙar da shi ya sa madaidaici. Ƙolin volt 6.3 shi ne 8.9. Gadar dayod huɗu tana cinye kusan volt 2 a irin wannan ja, sannan bawul uku suna jan amfiya 0.9, wanda ko a kan kafasitar mikrofarad 10,000 yana barin rawar volt 0.9. Abin da ya rage a ƙasan rawar ya kama wajen volt 6, alhali LM317 yana bukatar rarar kimanin volt 2 a kan abin da zai fitar. Sakamakon shi ne madaidaicin yana sakin aiki sau 100 a kowace daƙiƙa, hita kuma tana samun wuta mai siffar haƙoran zarto. Wannan ta fi AC muni, domin kaɗawar AC mai santsi ce, a haz 50 kaɗai take, kunne ma ba ya jin ta sosai, haƙoran zarto kuwa suna ɗauke da 'ya'yan kaɗawa har cikin tsakiyar abin da kunne ya fi ji, su fito kamar kukan ƙudan zuma. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a haɗa hitocin a volt 12.6, abin da ake ja ya ragu zuwa amfiya 0.45, a ciyar da su daga naɗin volt 15 na daban. Madaidaicin zai zubar da kusan wat 3 a matsayin zafi, don haka yana bukatar ƙarfen sanyaya. Ko madaidaici 7812 mai fitar da volt 12 cif ya isa, tunda bai kai kashi 5 cikin ɗari ƙasa da 12.6 ba.

Akwai kuma maganar ɗaga hita. Tsakanin hita da katod akwai ɗan siririn rufi ne kawai, kuma ECC83 ba a yarda tazarar da ke tsakaninsu ta wuce volt 180 ba, wasu bawul irin ECC88 ma iyakarsu ta fi haka ƙasa sosai. A matakin ƙarshe da ake ɗaukar sigina daga katod, katod ɗin kan zauna a volt 100 ko 150. Idan aka ɗauki rezista biyu aka raba babbar wuta, aka ɗaure dukan da'irar hita a kan wajen volt 40 zuwa 70 maimakon sifili, aka kuma sa kafasita ta tsabtace wannan wuri, an rage wa rufin wahala, an kuma toshe ɗan yoyon da ke bi daga hita zuwa katod a matakin farko.

Na biyu a jerin zargi shi ne filin maganaɗisun taransifoma, wanda babu kafasitar da ke tace shi domin ba ta waya yake bi ba. Duk wata da'ira da wayoyin shiga suka zagaye tana zama kamar naɗi guda na wata taransifomar, ta ɗauki haz 50 daga iska. Akwatin alminiyom ba ya tare shi ko kaɗan, na baƙin ƙarfe yana tarewa kaɗan amma yana iya jan filin ya kai shi har inda ba a so. Abin da ke aiki shi ne nisa, domin da zarar an ɗan matsa, filin yana raguwa da sauri ƙwarai, ninka nisa sau biyu yana rage shi kusan sau takwas. Juya taransifomar a hankali ana sauraro kafin a huda ramin kusoshinta yakan nuna wata fuska da ƙugin ke kusan ɓacewa. Mai siffar zobe tana zubar da fili kaɗan fiye da mai kusurwa huɗu, sai dai ta fi barin dattin wutar gida mai saurin kaɗawa ya ratsa ta. Ga wanda zai yi amfani da kan allura mai naɗin waya, musamman idan akwai ƙananan taransifomomin ɗaga sigina a mashiga, akwati biyu shi ne mafita: duk abin da ke da AC ya zauna a ɗaya, DC kaɗai ta bi igiyar da ke haɗa su, matakan tacewa na ƙarshe kuma su zauna tare da bawul. Dole mahaɗar igiyar ta jure ɗaruruwan volt, kuma ɓangaren da ke da wuta ya zama mai ramuka, ba mai tsinke a waje ba.

Kafin a kai ga na uku, dole a faɗi maganar rai. Kafasitar mikrofarad 100 a volt 300 tana riƙe da jul 4.5, kuma tana iya riƙe shi tsawon lokaci bayan an cire fulogi. Rezistar kilo-om 220 a kan layin tana sauke shi, amma ba nan take ba: da jimillar mikrofarad 150, sai an yi kusan minti uku kafin a ce ya sauka. Tana zubar da kimanin wat 0.4, don haka a sa mai wat 2, a kuma tabbata tana jure ƙarfin layin. Idan akwati biyu ne, kowanne ya sami tasa. Ba a taɓa ciki sai mita ta shaida, kuma wayar ƙasa ta tsaro da ke zuwa daga fulogi ana ɗaure ta da kusa a jikin akwati, ba a yanke ta don neman shiru. Idan zagayen ƙasa tsakanin na'urori ne ke kawo ƙugi, ana raba layin ƙasa na sigina da akwati da rezistar om 10, tare da 'yar kafasita da manyan dayod biyu a gefenta kafaɗa da kafaɗa, kowanne yana kallon akasin ɗayan, ta yadda idan matsala ta faru wuta za ta sami hanyar da za ta ƙona fis.

Na uku, wanda ya fi kowanne wahalar ganewa, shi ne layin ƙasa da kansa. A kan takarda layi ɗaya ne mai sifili a ko'ina, a zahiri kuwa waya ce mai turjiya. Wayar tagulla mai kaurin rabin murabba'in milimita tana da kimanin om 0.035 a kowace mita, wato santimita 30 nata ya kai om 0.01. Kafasitar farko kuma ba a hankali take cika ba, tana haɗiyar wuta ne a gajerun fizge-fizge a ƙolin kowace kaɗawa, waɗanda kan ninka matsakaicin abin da ake ja sau da yawa. A babbar wuta, fizgar miliamfiya 100 a kan om 0.01 tana haifar da milivolt 1, kashi ɗaya cikin biyar na dukan siginar allura. A da'irar hita, inda fizgar kan kai amfiya 5, ana samun milivolt 50, sau goma na siginar. Idan ƙasan mashigar sauti ya raba ko ɗan guntun wannan waya, na'urar ba ta da hanyar bambance shi da waƙa. Ƙa'idar ita ce zagayen da ya haɗa taransifoma da dayod da kafasitar farko ya zama gajere, rufaffe, babu abin da ke jingine a cikinsa. Daga ƙafar kafasitar farko waya ɗaya ta tafi ta biyu, daga ta biyu zuwa ta uku, kowane matakin sauti ya ɗaure ƙasansa a ƙafar kafasitar da ke ciyar da shi, sannan a haɗa layin da akwati a wuri ɗaya tak, kusa da mashiga, inda wayar ƙasa ta na'urar juya faifai ita ma za ta sauka.

Kunne da kansa yana iya rarrabe masu laifin idan aka toshe mashigar da fulogin da aka haɗe bakinsa. Ƙugi mai zurfi mai santsi na haz 50 yana nuna filin maganaɗisu ko hita ko zagayen ƙasa, wanda ya ɗan fi shi tashi na haz 100 yana nuna ƙarancin tacewa, mai kaifi irin na ƙudan zuma kuma fizgar dayod ce ta sami hanya. Akwai wani gwaji mai sauƙi: a kashe wutar na'urar ana cikin sauraro. Kafasitoci da zafin katod za su riƙe ta tana aiki na 'yan daƙiƙu, idan ƙugin ya yanke nan take daga sashen wutarta yake, idan kuma ya ci gaba yana dusashewa tare da sautin, daga waje yake shigowa.

Na'urar farko da na haɗa ta yi irin ƙarar ƙudan zuman nan, ba mai ƙarfi ba, amma tana nan tsakanin kowace waƙa da mai bi mata. Na ɗauka tacewa ce ta gaza, sai na ƙara kafasita, na sake ƙara wata, daga baya na sayo cok na henri 10 na huda masa wuri, ƙarar ba ta ko gezau ba. Sai da na kifa akwatin na bi layin ƙasa da yatsa, bayan mita ta nuna sifili, na ga abin da na yi. Na shimfiɗa waya ɗaya mai kauri daga bakin mashiga har zuwa taransifoma, kuma don neman sauƙi na ɗaure ƙafar babbar kafasitar hita a tsakiyarta, na ɗaure dawowar gadar dayod a can ƙarshe, ta yadda kowace fizga sai ta bi kamar taƙi guda na wayar da katod ɗin matakin farko ke tsaye a kai. Na cire wannan ƙafa, na kai ta kai tsaye kan gadar da guntuwar waya da ba ta kai tsawon yatsa ba. Da na sake kunnawa na ɗaga ƙarar har ƙarshe, abin da ke fita daga lasifika shi ne hucin bawul kawai, mai laushi kamar yayyafi a kan rufi. Cok ɗin na kwance shi bayan mako guda, na mayar da rezistar kilo-om 2.2 wurinsa, na toshe ramukan kusoshinsa guda biyu.